Me za mu kira opera da Hausa?

Mai tambaya: Assalamu alaikum malamai. Ana son rubuta bayani kan wata opera mai suna Alceste, wadda Anton Schweitzer ya yi wa kiɗa, Christoph Martin Wieland ya rubuta baitocinta, aka fara nuna ta a Weimar ta ƙasar Jamus a 1773. Labarin daga tatsuniyoyin Girkawa yake: ajalin Sarki Admet ya zo, matarsa Alceste ta yarda ta mutu a madadinsa, sai Herkules ya bi ta har duniyar matattu ya dawo da ita. To, opera fa? "Wasan kwaikwayon waƙa" ya yi?

Malamin kiɗa: Wa alaikumus salam. Bai yi ba, ɗan'uwa. Bahaushe na jin haka, fim ɗinmu ne zai faɗo masa a rai: a yi magana, a tsaya a yi waƙa, a koma magana. Alceste kashi biyar ce, kuma tun daga fitowar farko har ta ƙarshe ba mai buɗe baki ya yi magana irin ta yau da kullum. Gaisuwa, gardama, bankwana, duk rera su ake yi. Shawarata ita ce rerarren wasa, jam'i rerarrun wasanni.

Editar mujalla: Na amince, Malam, amma a kula da wani tarko. Wieland da kansa Singspiel ya kira aikin nasa. Daga baya wannan kalma ta tsaya kan wasan Jamusanci da ake cakuɗa magana da waƙoƙi. Irin wannan a kira shi wasa mai waƙoƙi. Wanda ya ga kalmar a bangon Alceste ya fassara ta haka kai tsaye, ya ɓatar da mai karatu.

Mai fassara a rediyo: Gaskiyarki Hajiya. Saura sunayen sassan da ke cikin opera. Resitatif shi ke ɗauke da labari: yana bin karin magana, ba a maimaita layi, kiɗa kaɗan ne ke tallafe da shi, wani lokaci makaɗa duka su shigo idan abin ya yi zafi. Aria kuwa labari tsayawa yake yi, mutum ɗaya ya yi ta juya layi biyu ko huɗu yana fitar da abin da ke cinsa. A kira na farko rerarren zance, na biyu waƙar tilo. Duka biyun suna da sauƙin faɗa a iska.

Mai tambaya: Masu rerawa a tare fa, 'yan amshi ke nan?

Malamin kiɗa: A'a. Ɗan amshi jagora yake bi, ya mayar masa da abin da ya faɗa. Waɗannan suna cikin labarin ne, a matsayin mutanen fada ko talakawan gari, suna da nasu baitocin. A ce taron mawaƙa. Manyan muryoyin Alceste huɗu ne: ita, 'yar'uwarta Parthenia, Admet da Herkules.

A gwada kalmar "rerarren wasa" da Ariadne auf Naxos ta Georg Benda, wadda aka nuna a Gotha a 1775. Ita ma labarin Girkawa ce, amma 'yar wasa magana take yi, kiɗa na shiga tsakanin jimlolinta. Rerarren wasa bai hau kanta ba, kuma haka ake so.

Editar mujalla: To an tsaya a nan. A ambaton farko a rubuta "rerarren wasa, wato opera", daga nan a ci gaba da Hausar kaɗai.