Wai mai son waƙar rawa matsoraci ne?

Gimbiya: Salam jama'a, yau raina a ɓace yake. Wata da muke aiki tare ta ari wayata da iyafis, ta shiga jerin waƙoƙin da na fi saurara ta ga kusan duka na rabuwa ne da na kewa, sai kawai ta dube ni a gaban mutane ta ce wai in je in ga likitan ƙwaƙwalwa, ciwon damuwa ne ke cina. Na yarda waƙar da mutum yake maimaitawa tana nuna abin da ke ransa, ban musa ba. Amma ai mu masu jin waƙa mai taɓa zuciya mu ne muke fuskantar abin da ke damunmu, mu yi kukanmu mu share hawaye mu tashi. Masu kwana da kiɗan rawa su tashi da shi su ne matsorata, cika kunnensu suke da ƙara don kar su ji abin da zuciyarsu ke faɗa.

Kwamanda: Matsorata? Su wa kenan?

Uwar Biyu: Ayya ƙawata sannu, wallahi ba ta kyauta miki ba, waye ya ba ta shaidar likita.

Kwamanda: Gimbiya tambayarki na yi. Kowa a nan ya san irin waƙar da nake sawa a sitatus, in da ni kike ki kira sunana.

Gimbiya: Yaya Kwamanda ban kira sunan kowa ba, wanda ya tsargu shi ya sani.

Autan Mama: Anti ai cewa kika yi su ne matsorata, ba ki ce wasu daga cikinsu ba, kin haɗa mu duka kin ɗaure. Ni da safe in ban sa kiɗa mai zafi ba jikina baya tashi, tsoron me nake ji a nan?

Ɗan Boko: Ku tsaya mu koma kan ainihin maganar. A 2014 wasu masu bincike biyu a Berlin, Taruffi da Koelsch, sun tambayi mutum 772 me suke ji in sun saurari waƙar baƙin ciki. Abin da ya fi fitowa shi ne kewar abin da ya wuce, ya ma fi baƙin cikin kansa yawa, kuma da yawa sun ce tana rarrashinsu. Saboda haka abokiyar aikin nan ta yi gaggawa, ba a gane ciwon damuwa daga jerin waƙoƙi. Amma akwai ɗaya ɓangaren, Sandra Garrido a Ostareliya ta gano cewa masu halin juya damuwa ɗaya a rai ba sa iya sakinta, su kam waƙar baƙin ciki tana iya ƙara nutsar da su.

Uwar Biyu: To kun ji, bincike ma ya ce Gimbiya ce da gaskiya.

Kwamanda: A ina binciken ya ce matsorata? Nuna min layin. Ke dai ko Gimbiya ta ce rana daga yamma take fitowa za ki ce haka ne.

Uwar Biyu: Kai kuma duk abin da mace ta faɗa a gurup ɗin nan sai ka yi tsalle ka dire a kai, haka ka yi min kwanaki har Admin ya goge saƙonka.

Kwamanda: Wanda aka goge bisa zalunci, naki da ya fi nawa zafi yana nan har yau.

Admin: Don Allah a bar tono tsohon zance.

Ɗan Boko: Kan masu son kiɗan rawa ma akwai abin faɗa. Rentfrow da Gosling a jami'ar Texas, 2003, sun ga masu son kiɗa mai kuzari sun fi zama masu son shiga jama'a da yawan hira. Babu maganar tsoro a ciki, kuma binciken da ya biyo baya ya nuna alaƙar hali da zaɓin waƙa ba ta da ƙarfi sosai.

Gimbiya: Malam ai mai yawan shiga jama'a shi ne baya iya zama shi kaɗai da tunaninsa, maganata kenan.

Autan Mama: Haba Anti, yanzu kuma son mutane ya zama tsoro?

Kwamanda: Bari in faɗa miki abin da ba ki sani ba. Lokacin da mahaifina ya rasu na ɗau tsawon lokaci ko labulen ɗakina bana ɗagawa, kuma waƙa mai sanyi ɗaya nake ta juyawa har cajin waya ya ƙare in jona in ci gaba, kullum ina ƙara lalacewa. Ƙanena ne ya shigo wata rana ya cire min iyafis ya sa kiɗa mai sauri a sifika ya ce in tashi mu share ɗakin. Ranar na fara yin wanka ba tare da an ce in yi ba. Na san baƙin ciki sarai, ba gudunsa nake ba, na zauna da shi har ya kusa cinye ni, shi ya sa kalmar nan ta yi min ciwo.

Uwar Biyu: Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta.

Autan Mama: Amin. Anti ki janye kawai.

Gimbiya: Allah ya gafarta masa Yaya, wallahi ban san da wannan ba kuma na tausaya. Amma kai daban ne, ni waɗanda nake nufi na san su, kuma kalmar ta dace da su. Ni fa aka ci wa fuska yau, har yanzu mutum ɗaya ne ya ce min sannu.

Ɗan Boko: Wani abu kuma, sau da yawa waƙar da ka fi so shekarun tasowarka take nunawa. An duba bayanan manhajar sauraron waƙa ta Spotify a 2018 aka ga waƙoƙin da suka fito mace tana wajen shekara 13, namiji 14, su suka fi zama a ransu har girma.

Uwar Biyu: Wato mu tsofaffi ne masu jin tsofaffin waƙoƙi ko? Malam ka riƙa taƙaita saƙonka, ba aji muke ba.

Ɗan Boko: Ɗazu da ya yi miki daɗi ba ki ce ya yi tsawo ba, Hajiya.

Admin: To ya isa haka, ga abin da aka tattauna a taƙaice. An zalunci 'yar uwarmu Gimbiya a wurin aiki, kuma binciken Berlin da Malam ya kawo ya wanke ta, ya nuna masu jin waƙar kewa mutane ne masu zurfin ji, ni kaina shaida ne don irinsu nake saurara. Kalmar matsorata a fahimtata ba zagi ba ce, bayanin hali ne, wasu ne suka ɗauke ta da zafi suka karkatar da zancen. Muna yi wa Kwamanda ta'aziyya, muna kuma roƙonsa ya rage saurin fushi. Na rufe maganar.

Ɗan Boko: Admin ina na Ostareliya da na Texas? Guda huɗu na kawo ka ɗauki ɗaya, kuma a na Berlin ɗin ma ban ce zurfin ji ba.

Autan Mama: Yaya Kwamanda ya fita daga gurup fa. Admin ka dawo da shi, in ba haka ba ni ma ka cire ni.