Neman kalma: me za mu kira "working memory" da Hausa? Gobe zan naɗi shiri

Mai Shiri: Assalamu alaikum jama'a. Don Allah agajin gaggawa nake nema. Gobe da yamma zan naɗi shirin rediyo kan yadda tunanin yara ke bunƙasa daga shekara 6 zuwa 12. Gwajin nan na Piaget, masanin tunanin yara, wanda ake juye ruwa daga gajeren kofi zuwa dogo siriri a tambayi yaro ko ruwan ya ƙaru, bayaninsa kawai na yi ban sa masa suna ba, kuma ya tafi daidai. Kalma ɗaya ce ta tsaya mini a wuya: working memory. Ba hadda ake nufi ba, ba kuma tuna abin da ya faru bara ba. A ce wa yaro ya haɗa 47 da 38 da ka. Zai ce 40 da 30 saba'in, ya bar saba'in ɗin a gefe, ya koma kan 7 da 8 ya sami 15, ya dawo ya tarar da saba'in ɗinsa tana nan, ya ce 85. Wurin da saba'in ɗin nan ta zauna tana jiransa nake nema wa suna. Na rubuta "ƙwaƙwalwar aiki", amma da na karanta a fili sai na ji ba ta zauna ba.

Uwar Biyu: Wa alaikumus salam. Ni dai ban ga aibunta ba. Kowa zai gane.

Tsohon Edita: 'Yata, kunnenki bai yaudare ki ba. "Ƙwaƙwalwar aiki" Turanci ne aka kifa wa hula. In akwai ta aiki, akwai ta zaman kashe wando ke nan? Sannan ƙwaƙwalwa gaɓa ce a cikin ƙoƙon kai, ke kuwa wani aiki nata kike son ambata. Ki duba misalinki da kyau, abu biyu yaron ya yi: ya riƙe, ya kuma juya. Hausa tana da hanyar haɗa irin wannan tun kaka da kakanni, kamar faɗi-tashi, kai-komo, shige-da-fice. To ga tawa: riƙe-juya. "Riƙe-juyar yaro ɗan shekara 10 ta fi ta ɗan shekara 6." Ki faɗa sau uku ki ji yadda take gudu a baki.

Malamin Lissafi: Ranka ya daɗe, me zai hana a tsaya a "riƙo" kawai? A aji haka muke cewa kullum: rubuta biyar, riƙe ɗaya. Yara sun saba da ita tun aji biyu.

Uwar Biyu: Haba Malam! A ce a rediyo "yaron kirki shi ne mai riƙo sosai"? Mai riƙo ai wanda ba ya yafiya ne. Wata kuma ta ɗauka zancen ɗan riƙo ake yi, ta fara kukan marayu.

Na Gefe: To a ce riƙon ƙwarya mana, tunda na ɗan lokaci ne kafin mai abu ya dawo. Sai dai masu sauraro za su zaci an rushe shugabannin jam'iyya.

Ɗalibar Ilimi: Anti Mai Shiri, bari in ɗan sa baki don kada a zaɓi kalmar da za ta rikita abu biyu. Akwai riƙewa ta ɗan lokaci zalla: a karanta wa yaro 5, 2, 9, 4 ya maimaita yadda ya ji. Akwai kuma wadda kike nema: a ce ya faɗe su daga ƙarshe zuwa farko, 4, 9, 2, 5. Nan dole ya riƙe kuma ya sarrafa a lokaci guda, shi ya sa ta fi wuya. Alan Baddeley da Graham Hitch ne suka fito da tsarin da aka fi koyarwa, a 1974, kuma kashi uku suka yi masa: ɓangaren da ke nanata sauti a zuci, ɓangaren da ke riƙe siffa da wuri, sai mai kula da su da ke raba hankali. A 2000 Baddeley ya ƙara na huɗu. Wurin kuma ƙarami ne ƙwarai. George Miller a 1956 ya ce abu bakwai ne, ko a ƙara biyu ko a rage biyu, daga baya Nelson Cowan a 2001 ya ce wajen huɗu ne in aka hana mutum dabarun haɗa abubuwa. Ɗan shekara 5 yakan maimaita lambobi wajen huɗu, ɗan shekara 7 wajen biyar, ɗan 12 kuwa ya kusa kamo babba. Ta fuskar ma'ana dai, Baba Edita ya fi kowa kusa.

Tsohon Edita: Allah ya yi miki albarka. Kun ji dai. Riƙe-juya.

Na Gefe: Baba, da girmanka, wannan kamar sunan kamu ne a kokawa.

Almajirin Nahawu: Jama'a ana ta wahala a banza. Larabawa sun riga sun sa wa abin suna, azzakiratul amila suke cewa. Mu ɗauko "zakira" mu huta, kamar yadda muka ɗauko ilimi da darasi da hisabi. Kalmar ilimi tana son nauyi, ba a yi mata sunan wasa.

Tsohon Edita: Ga irinta nan. Kullum sai a nuna mana Hausa ba ta da nauyi sai ta jingina da wani. Wancan ya ruga Turanci, wannan ya ruga Larabci. Wace uwa ce za ta ji "zakira" ta san ɗanta ake nufi? Cewa za ta yi sunan amarya ne. Shekaru na yi ina gyara rubutun mutane, kuma babu abin da ya fi ba ni ciwon kai irin masu jin kunyar harshen uwarsu.

Almajirin Nahawu: Ba kunya ba ce, ranka ya daɗe. Kai ma da ka ce "harshe" ka ce "kalma", ita kalmar daga ina ta zo?

Malamin Lissafi: Ku bari in kawo wata kafin a yi nisa. Allo. Ana rubutu a kai, ba ya ɗaukar abu da yawa, in ya cika sai an goge kafin a sa sabo. "Allon ƙwaƙwalwa", ko "allon zuci". Ina ganin abin a gabana kullum. Akwai yarinyar da na taɓa koyarwa, in na ce a buɗe shafi kaza, a ja layi, a rubuta kwanan wata, a yi tambaya ta uku, sai ta buɗe shafin ta ja layin ta zauna tana kallona da fensir a baki. Na daɗe ina ɗauka taurin kai ne, har na sha yi mata faɗa, abin da har yau yake damuna. Da na koma ba ta umarni biyu-biyu, aikinta ya fi na rabin ajin kyau. Allonta ne ke cika kafin in gama magana.

Uwar Biyu: Wallahi Malam kamar a gidana kake. In na aiki ƙaramin ya ɗauko littafi ya rufe taga ya kashe fitila, fitilar kawai yake kashewa ya dawo yana murmushi. Na zaɓi allo.

Tsohon Edita: Allo ba ya juya komai, kwance yake ana rubutu a kansa. Rabin ma'anar ke nan. Amma dai ya fi zakira, don shi namu ne.

Almajirin Nahawu: Namu? Baba, allo daga allauhu yake, Larabci ne tsantsa. Lissafin da Malam yake koyarwa ma daga alhisab ya fito. In za a kori baƙi, sai a fara da su.

Tsohon Edita: Baƙon da ya shekara ɗaruruwa a gida har ya yi jikoki ba baƙo ba ne. Naka jiya ya sauka, ko jakarsa bai ajiye ba. Ku 'yan makaranta matsalarku ke nan, ku ƙirƙiri kalma a ɗakin taro, ku buga a takarda, babu mai faɗinta sai ku. Mu da muka yi aiki da kunnen jama'a mun san wadda za ta rayu.

Ɗalibar Ilimi: Baba, ai riƙe-juyar ma yau da rana aka haife ta, kuma kai kaɗai ka faɗe ta zuwa yanzu.

Na Gefe: Wai ba wanda zai duba ƙamus ne?

Ɗalibar Ilimi: Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ne, Yaya. Ita kalmar ko a Turanci sai wajen 1960 ta fara fitowa a wannan fanni. Amma ina da damuwa ɗaya da allo. Ɓangare na biyu da na ambata, mai riƙe siffa da wuri, su Baddeley da kansu da allon zane suka kwatanta shi. In muka ba wa gaba ɗayan suna allo, ranar da wani zai fassara littafin koyarwa me zai kira wancan? Kuma yawancin abin da yaro ke riƙewa a lissafi ba gani yake yi ba, faɗa yake yi a zuci. John Flavell da abokan aikinsa a 1966 sun sa ido kan leɓɓan yara bayan an nuna musu hotunan da za su tuna. 'Yan shekara 5 kusan ba sa motsa baki, 'yan shekara 10 kuwa yawancinsu nanatawa suke yi. Wato ba girman wurin kaɗai ke ƙaruwa ba, dabara ce ma yaro ke koya. Har tsawon kalma yana da tasiri, domin abin da mutum ke iya faɗa cikin daƙiƙa biyu shi yake iya riƙewa ta wannan hanya. A 1980 an gwada masu jin harshe biyu a yankin Wales na Birtaniya, aka ga sun fi riƙe lambobi da Turanci, saboda na harshensu sun fi ɗaukar lokaci a baki. Masu Sinanci kuwa lambobinsu gajeru ne, sukan riƙe fiye da masu Turanci.

Malamin Lissafi: Ikon Allah. Yanzu na ƙirga namu: ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, shida, bakwai, takwas, tara. Duk gaɓa bibbiyu ne.

Tsohon Edita: Sai kuma a ce lambobinmu ne suka yi tsawo! Gobe a ce mu daina ƙirga da Hausa. Abin da nake faɗa ke nan tun ɗazu.

Ɗalibar Ilimi: Ba wanda ya ce haka, Baba. Gwajin maimaita lambobi kaɗai abin ya shafa, ba kaifin basira ba. Yaro ya fi riƙe abin da ya sani sosai. Michelene Chi a 1978 ta gwada yara gwanayen wasan dara irin na Turawa da manya da ba su ƙware ba. Manyan sun fi riƙe lambobi, amma yaran sun fi su tuna inda 'ya'yan dara suke a kan allo. In haka ne, harshen da yaro ya fi sani ai taimakonsa yake yi.

Tsohon Edita: To da sauƙi.

Sabon Shiga: Sallama. Ban karanta duka ba, amma me ya sa ba za a ce mimori ba? Kowa yana da waya.

Uwar Biyu: Ɗan'uwa, koma sama ka karanta.

Mai Shiri: Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Dare ya yi, dole in rufe rubutu. Ga yadda na sa: "Masana suna kiran wannan ƙwaƙwalwar aiki, wato ɗan allon da ke cikin kan yaro, inda yake riƙe abu yana juya shi kafin ya goge." Daga nan har ƙarshen shirin "allon ƙwaƙwalwa" zan riƙa cewa, da misalin 47 da 38, da kuma na Malam na umarni biyu-biyu in ya yarje mini. Ƙanwata, na ji damuwarki kan ɓangaren siffa, amma minti goma sha biyar gare ni, ba zan kai can ba. Baba, ka yi haƙuri, na gwada riƙe-juya a gaban mai naɗar sauti, sai da ya cire abin kunnensa don dariya.

Malamin Lissafi: Na yarje, Hajiya. A dai sakaya yarinyar.

Almajirin Nahawu: An ƙi zakira an ɗauki allo. Duk dai gidanmu aka kwana.

Tsohon Edita: Na ga "riƙe" da "juya" duk suna cikin jimlar taki, an dai raba su ne don kada a ce tawa aka ɗauka. Ba komai. Ni a rubutuna riƙe-juya zan ci gaba da sawa. Kuma ki cire "masana suna kiran wannan", don ba wani masani da ya kira shi haka, ke kika kira shi.

Mai Shiri: Na cire, Baba. Na mai da shi "za mu iya kiransa".