Haya ce ko aro?

Mai Ƙorafi: Jama'a, abin ya ishe ni. Ƙasa ta hana abu a gida, masu kuɗinta su tsallaka Ukraine su yi hayar mahaifa, wato su biya wata mace ta ɗaukar musu ciki, su dawo da jariri. Indiya da Thailand sun rufe wa baƙi ƙofa a 2015, kasuwar ta koma wani wuri. Wa ke kare matan nan?

Likita: Hajiya, cire "haya", mahaifa ba ɗaki ba ce. Ana haɗa ƙwan mace da maniyyi a ɗakin gwaji, a dasa a mahaifar mai ɗaukar cikin bayan kwana 3 zuwa 5. Idan ƙwan ba nata ba ne, gwajin DNA ba zai nuna ita ta haife shi ba. Aro ne.

Lauya: Dakta, aron da ake biya kashi-kashi bisa kwantiragi? A Ingila wadda ta haihu ita ce uwa har sai kotu ta sauya, kuma amincewarta ba ta aiki sai bayan mako 6 da haihuwa. Ukraine kuwa sunan ma'auratan da suka biya take rubutawa. Ƙasa biyu, uwa biyu, jariri ba fasfo.

Ɗalibin Fiƙihu: Haya da aro duk bayan halacci suke zuwa. Majalisar Fiƙihu ta Makka ta yarda kishiya ta ɗauki cikin abokiyar zamanta a 1984, ta janye a 1985, don tana iya samun nata cikin a lokacin, nasaba ta cakuɗe.

Likita: Malam, ai Iran ta halatta kyautar ɗan tayi da doka tun 2003.

Ɗalibin Fiƙihu: Na san can za ka dosa.

Likita: Dosa ina? Fito fili.

Lauya: Kuma "kyauta" ce? Ana biyan masu ba da ƙwai.

Likita: Ladan wahala ne, Barista: allura kullum kusan kwana 10, wani lokaci ma'ajiyar ƙwan ta kumbura, ruwa ya taru a ciki.

Mai Ƙorafi: To matan fa?

Lauya: Bari in taƙaita, tunda dare ya yi. An yarda haya ce. Dakta bai kawo hujja ba, Malam ya kauce hanya. Italiya ma ta mai da zuwa waje yin hayar mahaifa laifi a 2024.

Likita: Wa ya yarda?