Yadda talaka zai auna aikin ƙaramar hukumarsa

A wani zama da muka yi da malaman makaranta, 'yan kasuwa da wata ma'aikaciyar jinya, an tattauna yadda za a gane ko shugaban ƙaramar hukuma na aiki.

Mafi yawa sun ce a fara da kuɗi. Duk wata ana raba kason tarayya ga ƙananan hukumomi 774 na Najeriya, kuma ana wallafa adadin. A ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyan su kai tsaye, don haka jama'a su nemi kasafin shekara, su gwada shi da abin da idonsu ke gani.

Ma'aikaciyar jinyar ta fi kowa zafi, kuma ina ganin gaskiyarta. Ta ce kada sabon fenti ya ruɗe mu: a je asibitin unguwa da ƙarfe biyun dare, a ga ko akwai mai karɓar haihuwa, a taɓa firjin rigakafi a ji ko da sanyi. A firamare kuma a ƙirga malaman da ke cikin aji, a kwatanta da takardar albashi.

Wani ɗan kasuwa ya ce a lura ko ana ba da rasit in an karɓi kuɗin rumfa, da ko ana yashe magudanun ruwa kafin damina. Burtsatse kuwa, a koma bayan wata shida da buɗewa a murɗa famfon. An kuma taɓo kansila: yana zaune a mazaɓarsa, ko ya tare a birni?