Gadon bakin taga: wa ya taɓa ganin irin wannan?

Mai Jinyar Baba
Salamu alaikum 'yan uwa. Kwana 12 ke nan ina jinyar mahaifina a asibiti, akwai abin da ya tsaya mini a rai. Da farko gadonsa na can ƙuryar ɗaki, ba taga, fitila a kunne dare da rana. A kwana na huɗu ya fara rikicewa, ya farka ƙarfe biyun dare yana tambaya ko yara sun dawo daga makaranta. Da aka sallami wani, aka mai da shi gadon bakin taga. Ba wani abin kallo, bishiya ɗaya ce da katanga. Kwana biyu kacal ya san safiya ya san yamma, barci ya daidaita, alhali ba a canja magani ba. Ni ce nake ganin haka ko kun taɓa gani?

Nas Mai Aikin Dare
Ba idonki ba ne 'yar uwa. Tsoho in ya kasa bambance dare da rana, rikicewa ba ta yi masa nisa, mun sha gani. An ma taɓa bincike a kai. A 1984 Roger Ulrich ya fitar da sakamakon nazarin majinyata 46 da aka cire wa maɗaciya a wani asibiti a jihar Pennsylvania ta Amurka. Rabinsu tagarsu na kallon bishiyoyi, rabi bangon bulo. Masu kallon bishiya sun riga tafiya gida da kusan kwana guda, kuma ba su nemi maganin ciwo mai ƙarfi kamar sauran ba.

Ni kuma nawa ƙorafin wani ginshiƙi ne. Yana tsaye daidai gaban teburinmu, ya tare mini gado uku. Duk dare sai na yi ta tashi ina leƙawa, ƙafa ta kumbura kafin gari ya waye. Wanda ya zana ɗakin nan bai taɓa kwana a cikinsa ba, na tabbata.

Malamin Aji Biyar
Allah ya ƙara sauƙi. Mu namu ajin kwano ne ba silin. Da rana ta take, sai ka ga kawuna suna faɗuwa kan tebur ɗaya bayan ɗaya, ka rasa wa za ka yi wa faɗa. In kuma ruwa ya sauko, ajiye alli kawai, ko kanka ba ka ji. Abin da ya burge ni da makarantar da mai zanen gini Francis Kéré ya gina a ƙauyensu Gando na Burkina Faso a 2001 shi ne, shi ma kwano ya sa, sai dai ya ɗaga shi sama da silin na laka, ya bar sarari iska na ratsawa tana kwashe zafin. A 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi kyautar Pritzker, babbar kyautar masu zanen gini.

Baban Biyu
Ku yi haƙuri, amma wanda bai samu likita ba ina ruwansa da taga? A fara da magani tukuna.

Nas Mai Aikin Dare
Yaya, taga ma magani ce, musamman wajen tarin fuka da iska ke yaɗawa. Ka tara masu tari a dogon lungu rufaffe suna jiran layi, wanda ya zo da ciwon ƙafa ya koma da tari. Florence Nightingale, fitacciyar nas 'yar Ingila, tun ƙarni na 19 ta dage a kan dogon ɗaki mai tagogi gefe da gefe. Asibitin Butaro da aka buɗe a Ruwanda a 2011 ma, hanyoyinsa a waje aka yi su, a fili, saboda wannan.

Mai Keken Guragu
Ni dai matsalata tun daga ƙofa take farawa. Na je wani ofishin gwamnati sabunta takarda, an yi gangaren keke, amma tsayuwarsa kamar tsani, sai da mutum biyu suka tura ni. Ƙa'idar da aka sani ita ce duk tashin mita 1 a ba shi tsawon mita 12. Na shiga kuma kantar ofishin ta fi kaina tsayi, ma'aikacin yana jin murya yana waige-waige, bai ga mai magana ba. Dariya na yi a wurin, a gida ne abin ya yi mini ciwo.

Ɗalibar Zanen Gini
Anti Mai Jinya, labarinki ya tuna mini da asibitin masu tarin fuka na Paimio a Finland, wanda mai zanen gini Alvar Aalto ya kammala a 1933. Ya lura cewa majinyaci a kwance yake yini, silin shi ne abin kallonsa. Sai ya zaɓa masa launi mai sanyaya ido, ya kawar da fitila daga saitin fuska, har kwanon wanke hannu ya karkata shi don zubar ruwa kada ta tashi na gefe. Mu a tsaye muke zane, shi ya sa muke mantawa.

Mai Jinyar Baba
Na gode muku duka. Jiya aka sallame mu. Muna cikin mota Baba ya juyo ya ce mini, “Wa suka ba gadon nawa?”