Littafin Knausgård: adabi ne ko tonon silili?

Malam Habibu: Maganata ita ce, abin da marubucin ƙasar Norwe Karl Ove Knausgård ya yi a littafin tarihin rayuwarsa Min kamp, wato "Gwagwarmayata", tonon asirin dangi ne aka lulluɓe da rigar adabi. Juzu'i shida ne, shafi wajen 3,600, sun fito tsakanin 2009 da 2011, kuma yawancin mutanen da ke ciki suna raye, da sunayensu na gaskiya. Dangin mahaifinsa su 14 suka sa hannu a wasiƙa a jaridar Klassekampen suna kiran littafin rubutun cin amana. Wanda ya ci ribar suna shi ne marubucin, waɗanda suka sha kunya kuwa ba su nemi shiga ba.

Hajiya Rabi: Malam, a fara da gyara ɗaya. Kafin Min kamp ba baƙo ba ne a fagen. Littafinsa na farko, Ute av verden, ya fito a 1998 ya kuma ci lambar yabo ta masu sharhin adabi na Norwe, abin da sabon marubuci bai taɓa samu ba kafin shi. A 2004 ya fitar da En tid for alt, kan mala'iku da ƙissoshin Baibul. Mutumin ya iya ƙirƙira, da gangan ya ajiye ta.

Malam Habibu: To me ya hana shi sauya sunaye gaba ɗaya, Hajiya?

Hajiya Rabi: Ai an sauya wasu. Kamfanin buga littattafai na Oktober da editansa Geir Gulliksen sun bi wannan tsari: a aika wa wanda aka ambata rubutun kafin bugawa. Nan ne baffan Karl Ove ya tayar da ƙura, ya yi barazanar zuwa kotu, aka sa masa sunan aro, Gunnar. Mahaifin ma a juzu'i na farko "baba" kawai ake ce masa, sunansa bai fito ba sai a na shida.

Dakta Aminu: Ni ina ganin Malam Habibu bai ba rabin ƙarshe na juzu'in farko haƙƙinsa ba. Mahaifin ya mutu a 1998 a gidan tsohuwarsa a garin Kristiansand, giya ta cinye shi. Karl Ove da yayansa Yngve suka je shirya jana'iza, suka tarar da kwalabe ko'ina, tufafi sun ruɓe a jibge, kakarsu ta rame, tana fitsari a zaune, tunaninta ya fara gushewa. Shafi bayan shafi yana nuna yadda suke cika buhunan shara, suna goge bene da banɗaki, yana kuka yana gogewa. Dabarar tana nan: bai tsaya bayanin baƙin ciki ba, ya bar aikin sharar ya ɗauke shi. Wanda ya karanta wannan ya san ba don a yi wa mamaci dariya aka rubuta ba.

Malam Habibu: Dakta, wurin da ka yaba shi ne wurin da aka fi musantawa. Baffan ya ce gidan bai kai haka ƙazanta ba, kuma mahaifin bai daɗe a can kamar yadda aka rubuta ba. Tsohuwar ta riga ta rasu, ba ta da bakin kare kanta. Sannan matar Karl Ove ta farko, Tonje Aursland, sai da ta shiga rediyo a 2010 don a ji nata ɓangaren.

Malama Zainab: A nan ina tare da Malam. Abin da ya fi taɓa ni shi ne matarsa ta biyu, Linda Boström Knausgård, marubuciya 'yar Suwidin, mai fama da larurar ƙwaƙwalwa. Ciwon ya tashi har aka kwantar da ita a asibiti yana tsaka da aikin, shi kuma ya sa wannan ma a juzu'i na shida. Auren ya mutu a 2016. Gaggawa ma ta ƙara ɓarna: juzu'i na biyar cikin mako takwas aka rubuta shi, ga littattafan farko suna kasuwa, 'yan jarida na bin mutanen ciki gida-gida.

Dakta Aminu: Gaskiya ne, Malama, amma juzu'i na shida bai ɓoye wannan ba. Ya kawo rikicin baffan dalla-dalla, har da shakkar da shi kansa ya shiga kan ko tunaninsa ya yaudare shi. A ciki ne kuma ya sa sharhi mai shafi wajen 400 kan Hitler, saboda ma'anar sunan littafin ɗaya ce da ta Mein Kampf, littafin Hitler. Shi ya sa a Jamus ba a buga shi da wannan suna ba, kowane juzu'i aka ba shi nasa.

Hajiya Rabi: Kuma kwafi wajen rabin miliyan aka sayar a Norwe, ƙasa mai mutum wajen miliyan biyar.

Malama Zainab: Ciniki bai wanke shi ba, Hajiya. Linda dai tana da alƙalami, ta fitar da littafinta Oktoberbarn a 2019 ta faɗi nata. Kakar fa, wa zai rubuta mata?