Yadda za a wanke da adana kayan gwari a zafin Legas

Uwargida, Agege: Assalamu alaikum. Nakan sayo tumatir, tattasai da latas da yawa a kasuwar Mile 12 saboda sauƙi, amma kafin mako ya ƙare rabi ya ruɓe. Shin in wanke su duka ne da zarar na dawo?

Ma'aikaciyar jinya, Idi-Araba: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada ki wanke sai lokacin amfani, domin danshi ne ke gaggauta ruɓewa. A wanke hannu tukuna, sannan a cuɗa su da ruwa mai tsabta yana zuba, ba da sabulu ko omo ba.

Uwar yara, Obalende: Ni dai ina roƙon kowa ya kula da ruwan kansa. A daminar 2024, lokacin da kwalara ta ɓarke a Legas, ƙaramin ɗana ya ci yankakkiyar kankana daga hannun wani mai talla, kuma a daren nan amai da gudawa suka kai mu asibiti, aka yi ta ƙarin ruwa. Allah ya tashi kafaɗunsa, amma tun daga ranar nake wanke bayan kankana da abarba kafin in yanka, saboda wuƙa tana jan dattin ɓawo zuwa ciki. Latas da kabeji kuwa ganye-ganye nake ɓare su, in ɗauraye da tafasasshen ruwan da ya huce, tunda ba dafa su za a yi ba.

Mai kayan gwari, Mile 12: Allah ya ƙara masa lafiya. Hajiya, ki tsince fasasshen tumatir ki markaɗa ki tafasa a ranar, sauran ki baza a faranti inda iska ke shiga, kada ki bar shi a leda.

Malami, Alaba Rago: Me zai hana a gwada randa cikin randa, wato a sa ƙaramar randa cikin babba da jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu don sanyaya kayan gwari, dabarar da Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa?

Ma'aikaciyar jinya, Idi-Araba: Malam, sanyinta daga bushewar ruwan yashi yake zuwa, iskar Legas kuwa cike take da laima, don haka ba za ta yi aiki kamar a Dutse ba.

Mai kayan gwari, Mile 12: Kuma firij yana kashe ɗanɗanon tumatir.

Uwar yara, Obalende: Alhaji, wanda ya nuna sosai gara firij da bola. Idan an ɗauke wuta, a bar ƙofar firij a rufe, yana riƙe sanyi kamar awa 4.

Uwargida, Agege: Na gode. To alayyahu fa, da yake yaushi idan na ajiye shi kusa da ayaba?

Ma'aikaciyar jinya, Idi-Araba: Ki raba su, domin ayaba tana fitar da wata iska mai sa ganye yin ɗorawa da wuri.